Sarkin Ribas da Ɗan Koyonsa Mai Ƙafa Huɗu

Mijina malamin tuƙi ne, kuma in kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi direba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune a kujerar mai zaman banza yana koya wa mutane sakin kuloci, kuma a lissafinsa, wanda ke ƙaruwa duk lokacin da ya samu sabon mai sauraro, ya yaye mutum ɗari tara. A unguwa Sarkin Ribas ake ce masa. Shi ya ɗauka kirari ne. Ni da na san sunan ya samo asali ne daga ranar da ya yi baya da mota ya rushe katangar makarantar tuƙin a gaban 'yan koyo shida, ban taɓa gyara masa ba. Malam nake ce masa, kuma ina rufa masa asiri daidai gwargwado.

Muna haya ne a hawa na uku, can ƙuryar sama, ɗaki biyu da falo da 'yar baranda mai kallon tsakar gida. Daga ƙofarmu zuwa ƙasa matakala arba'in da biyu ce. Mai gidan wata dattijuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, tana zaune a ƙasa, kuma a duk gidan ba abin da ya kai hancinta aiki. Kusa da ƙofarta akwai shagon tela, rumfar kwanonsa daidai ƙarƙashin barandarmu. A hawa na biyu kuma wata nas ce, mace mai fararen takalma da gajeren haƙuri.

Mahaifina ya dawo wurinmu ne bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Shekara talatin ya yi yana gadin wani sito, mutum ne da bai san zama ba. Amma tun ranar da aka hau da shi benen nan a kan kujera, wata biyar cur, bai ƙara taka ƙasa ba. Likita ya ce ƙafar za ta iya in ya gwada. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, duk a banza. Sai dai ya zauna a baranda ya zuba wa bango ido, magana kuwa in ka samu kalma uku a wuni ka yi sa'a. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Ana haka wani tsohon abokin aikinsa ya zo dubiya riƙe da kwali. A ciki ɗan kwikwiyo ne ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, wai jikan karyar da Baba ya yi gadi da ita. Karnukan Baba a wurin aiki suke tsayawa, ba su taɓa shigo mana gida ba, don haka na buɗe baki zan ce a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Sai na ji Baba ya yi dariya. Wallahi na manta yadda dariyarsa take. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan kwikwiyon ya ce masa Baƙo. Na haɗiye maganata, na kafa doka kawai: baranda ce iyakarsa, ba kicin, ba hawa kujera.

Baƙo ya karɓi barandar hannu bibbiyu, har ya mayar da kusurwarta ban-ɗaki. Matsalar ita ce a wannan kusurwar akwai 'yar kafa da magina suka bari don ruwan sama. Duk abin da Baƙo ya yi, sai ya bi kafar nan ya sauka a kan rumfar tela. Tela ya daɗe yana zaton tankin ruwa ne ke yoyo, har ranar da abin ya sauka a kan farin yadin da aka kawo masa ɗinki. Ranar Gwaggo ta hawo matakala arba'in da biyu tana haki, ta tsaya a ƙofarmu ta ƙi zama.

"Kwana goma sha huɗu," in ji ta. "Ko karen nan ya koyi inda ake yi, ko ya bar mini gida."

Ta ƙara da cewa tana da ɗan ƙane mai gona a bayan gari, dama yana neman kare. Baba yana baranda yana ji. Ya jawo Baƙo kusa da ƙafarsa, kuma ranar ko loma ɗaya bai ci ba.

Malam kuwa sai ya miƙe ya gyara wuyan riga. Ya ce wa Gwaggo kwana goma sha huɗu ai raini ne, darasi goma ya isa. Ya tuna mata ya koya wa matar da ba ta san hagu da dama ba, ya koya wa mahaucin da ke rufe ido in ya ga babbar mota, balle ɗan kwikwiyon da ko sitiyari ba zai riƙe ba. Na ce masa a hankali ko za a tambayi Baba, tunda shi ya yi shekara talatin da karnuka. Ya ce gadi da kare daban, koyarwa daban, a bar dattijo ya huta. Na ga Baba ya ɗaga hannu yana neman kalma, amma kafin kalmar ta iso, Malam ya shige ɗaki yana zana jadawali.

Washegari aka fara. Ya yanko kwali ya zana jan harafin nan da ake liƙa wa motar koyo, ya ɗaura wa Baƙo a baya. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani na rabin awa kan ƙa'idojin hanya daga baranda zuwa bishiyar mangwaron da ke tsakar gida. Kafin ya gama Baƙo ya cinye rabin harafin. Malam ya ce wannan alamar zumuɗin karatu ce. Ya sa masa igiya, ya duba agogo, suka sauka.

To, Malam yana da wata ƙa'ida da ya fi riƙe ta fiye da lasisinsa. Ba a yaba wa ɗan koyo a kan titi, wai kansa zai kumbura ya afka kwalbati. Sai an dawo, an yi fakin, an kashe mota, an zare makulli, sannan a ce masa ya yi ƙoƙari. Saboda haka gwangwanin soyayyen naman da ya tanada don lada, a kan tagar falo ya ajiye shi, can sama. In sun sauka, Baƙo yana da minti biyar a gindin mangwaro. Ko ya yi ko bai yi ba, a hawo, a yi fakin a bakin ƙofa, a ba shi tsoka don ƙarfafa gwiwa.

Baƙo ba wawa ba ne. Cikin kwana biyu ya gane inda daɗi yake. Suna sauka zai taɓa bishiyar da hanci, ya juya, ya ja Malam a guje su haye sama, ya zauna a bakin ƙofa ya karɓi namansa. In ya lashe baki, sai ya taka cikin natsuwa zuwa kusurwarsa ya saki abin da ya riƙe tun daga ƙasa. Ni na bi da bokiti da garin sabulu, na kuma tara wata tsohuwar roba a bakin kafar don kada tela ya sake jin ruwa.

Malam ya tsaya ya daɗe yana nazari, hannu a haɓa. Ya ce ya gano, matsalar sigina ce. Ɗan koyo ba shi da hanyar sanar da cewa yana son fita hanya, shi ya sa lokaci ke saɓawa. Da yamma sai ga shi da hon ɗin roba irin na masu keke, ya ɗaure shi a ƙasan ƙofar baranda. Ya kama ƙafar Baƙo ya taka, abin ya ce fam, ya sauka da shi, suka hawo, ya ba shi nama. Sau uku kacal aka yi, a na huɗu Baƙo ya je da kansa ya taka.

Ranar ba wanda bai ji labari ba. Malam ya tsayar da nas a kan matakala, ya tsayar da tela yana tsakiyar yanka, har mai kawo mana ruwa sai da ya ajiye jarkokinsa ya saurara. Ya ce a shekara ashirin da biyu bai taɓa samun ɗalibin da ya kama hon da wuri haka ba, kuma ɗalibi ai daga malami yake ɗauka.

Rana ta farko Baƙo ya danna hon sau tara. Rana ta uku na ƙirga ashirin da uku, sannan na gaji na bari. Malam zai kai loma baki, fam. Zai shiga wanka ya saɓa sabulu, fam. Kuma ba ya yarda kowa ya amsa sai shi, don wai ɗan koyo ɗaya ba ya malami biyu. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Ya dinga sauka da hawa har wandonsa ya fara zamewa, tela ya leƙo ya ce in yana so a rage masa ƙugu ya kawo, kyauta ne, don maƙwabtaka. Malam ya ce ƙiba ce dama likita ya hana shi.

Wata rana bayan azahar Baƙo yana ta sharar barci a ƙafar Baba, sai muka ji fam-fam. Malam ya zabura daga kan kujera, ya fizgi igiya, ya yi waje ba takalmi. Sai da ya kai hawa na biyu ya lura igiyar ba nauyi. Ashe tela ne ya ciro hon ɗin kekensa na hawa yana gwadawa. Malam ya ƙarasa ƙasa da igiya a hannu, ya tarar da tela da mutum uku da suka zo karɓar ɗinki sun riƙe ciki.

"Sarki, ina ɗalibin?" in ji tela.

"Hanya na zo dubawa. Malamin kirki yakan fara duba hanya."

"Ai kuwa ka kama darasin nan da kyau. Mu je sama a ba ka namanka."

Malam ya sha mur ya hawo. Ya ce mini jahilci ne ke damun mutanen gidan nan, ba su san bambancin gwaji da kuskure ba. A rana ta bakwai ya leƙa wurin aiki na rabin wuni, ya dawo da ƙura a gwiwa. Da na matsa masa, ya ce wani mai tallar burodi a keke ne ya danna hon kusa da su, shi kuma ya buɗe ƙofar mota ya sa ƙafa waje, ɗalibarsa tana kan giya ta biyu. Ya ce laifin mai burodin ne, hon ɗinsa ba na ƙa'ida ba ne.

A yammacin ranar ne Baba ya sake ƙoƙarin magana. Ya daɗe yana motsa baki, yana nuna gwangwanin da ke kan taga, da ƙyar ya ce, "Naman..."

"Ya yi kaɗan ko, Baba? Ni ma na lura. Za a ƙara."

Haka Malam yake yi masa kullum, ba don mugunta ba, shi dai ba ya iya jiran jimla ta ƙare in ba tasa ba ce. Daga ranar aka koma tsoka biyu, Baƙo kuma ya ƙara gudu a hawa. Baba ya mayar da kansa bango, ni kuwa a lokacin ban gane abin da yake nufi ba, gaskiya.

Shawara ta gaba ita ce robobin nan masu tsini da ake jera wa 'yan koyo a fili. Malam ya kwaso guda shida, ya ajiye ɗaya a kowace kwanar matakala, wai don ɗalibi ya ga layinsa. An yi rashin sa'a a makon ne Baƙo ya fara koyon ɗaga ƙafa, yana neman abin da zai gwada a kai. Ya ɗauka don shi aka kawo su, kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Nas ta dawo daga aiki a gajiye ta yi tuntuɓe da ta hawa na biyu, farin takalminta ya sha. Ta hawo da robar a tsakanin yatsu biyu ta dire mana a ƙofa.

"Malam, koyarwa kake yi ko ban-ɗaki ka buɗe mana a kowane hawa?"

Malam ya ce ta duba da idon basira. Da a baranda yake yi, hawa na uku, yanzu ga shi ya sauko hawa na biyu, wannan ai ci gaba ne, a hankali zai kai ƙasa. Nas ta ce in haka ne a gaya masa ya yi sauri ya wuce ƙofarta, in ba haka ba akwai allurar da take yi wa manya ma su nutsu, kuma ba kare take nufi ba. Ni ce na wanke matakala arba'in da biyu ranar, ina yi ina gaya wa Malam abin da ke raina, shi kuma yana biye da ni yana nuna mini inda na tsallake.

A rana ta goma sha ɗaya ya ce ya tuno babban sirrin aikinsa. Ɗan koyo ba ya gane ribas da baki, sai malami ya karɓi sitiyari ya yi a gabansa. Da hantsi ya sauka da Baƙo, ya zaunar da shi, ya ce ya lura da kyau. Ya zagaya bishiyar yana shinshine-shinshine, ya dafa ta da hannu, ya ɗaga ƙafar dama sama ya tsaya a haka. Ina baranda ina gani, na rasa inda zan sa kaina. Baƙo ya karkata kai yana kallonsa. Malam ya sauke, ya sake ɗagawa, wannan karon ya fi na farko tsawo, sai ɗinkin wandon ya ce ɓarrr.

Tela ya fito da almakashi a hannu yana tambaya ko ana ba da sigina kafin a ɗaga, kuma hagu ake farawa ko dama. Gwaggo ta ɗaga labulen tagarta ta daɗe tana kallo. Ta ce ita kare ɗaya ta ba wa wa'adi, amma in sun zama biyu a gaya mata tun da wuri ta sanar da mai gona. Malam ya hawo a karkace, bayansa na bin bango, yana cewa ko ba komai ɗalibin ya ga yadda ake yi.

Na so in yi dariya, amma da na waiwaya na ga Baba yana ƙirga kwanaki da yatsunsa, sai dariyar ta koma. Saura uku. Tun zuwan Baƙo Baba ya fara cin abinci, yakan yi masa magana ƙasa-ƙasa in ya zaci ba mai ji. Na san in aka tafi da karen nan, bango zai koma kallo, kuma tsoro ya kama ni sosai.

Ranar cikar wa'adi Malam ya ce ba za a yi abin a ɓoye ba, jarrabawa za a yi kamar ta lasisi. Da la'asar ya jera kujeru a tsakar gida, ya gayyato duk 'yan haya da rabin layinmu. Ya zaunar da Gwaggo a matsayin mai jarrabawa, ya ba ta takarda da biro. Ya ajiye tebur a inuwar bakin rumfar tela, a kai ya ɗora wani kati da ya sa aka buga, da hoton Baƙo da hatimi, wai lasisin kammalawa. Kafin ya sauka ya ɗauke robar da nake tarawa a bakin kafa, ya ce barinta cin fuska ne ga ɗalibinsa. Ya kuma hana a fitar da Baƙo tun azahar, don a samu abin nunawa.

Ni da Baba muna baranda muna kallo. Malam ya yi jawabi mai tsawo kan haƙuri da sanin makamar aiki, ya ce bayan wannan zai buɗe aji, duk mai kare ko kyanwa ko akuya ya kawo. Yana cikin zuba Baƙo ya danna hon. Mutane suka tafa. Malam ya hawo da ƙafarsa ya ɗauko shi, suka sauka a jere, Baƙo ya wuce robobin nan shida ko kallo bai yi musu ba. Aka sake tafawa. Malam ya washe baki, ya kwance igiyar a gindin mangwaro, ya juya wa karen baya ya fuskanci jama'a.

"Yanzu ku lura. Ba zan ce masa komai ba. Aikin malami ya ƙare."

Baƙo ya taɓa bishiya da hanci, ya bi ta tsakanin ƙafafun Malam, ya haye sama shi kaɗai. Kafin a gama juyawa yana bakin ƙofarmu zaune, idonsa a kan gwangwani. Malam ya ɗaga kai daga ƙasa yana yi mini ihu kada in ba shi, ai bai kammala ba. Ya matso daidai bakin rumfa don in ji shi da kyau, yana umartar Baƙo ya yi ribas ya sauko. Baƙo ya jira. Ya je ya danna hon sau uku, ba wanda ya zo. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya ga dai ba zai iya ƙara riƙewa ba, ya nufi kusurwarsa.

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar kwano, tar-tar-tar. Kowa ya ɗaga kai. Abin ya bi kwarin rumfa a hankali ya gangaro, ya fara da kafaɗar Malam, ya sauka a kan tebur, ya jiƙa lasisin tun daga hoto har hatimi. Tun azahar ake tarawa, don haka ba a gama da wuri ba. Tela ya zame daga kan benci ya zauna a ƙasa. Nas ta toshe baki da gyale tana girgiza. Malam ya ce a lura, ta fuskar lissafi abin ya kai ƙasa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da bishiyar ba ta fi taku huɗu ba. Gwaggo ta juya takardar gaba da baya ta tambaye shi a wane layi ake rubuta wannan.

Da dariya ta lafa ta miƙe, ta ɗaga kai wajen barandarmu. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Dattijo, ka yi haƙuri. Gobe da safe yaron nan mai gona zai zo da mota."

Washegari da sassafe hon ya yi ƙara. A karon farko cikin kwana goma Malam bai motsa ba, ya ja bargo ya rufe kai ya ce ya yi murabus. Ina kicin ina dafa shayi, hawaye na zuba, na ji hon ya sake ƙara, daga nan shiru. Shirun ya yi yawa, na fito. Kujerar Baba ba kowa. Ƙofar falo a buɗe, gwangwanin nama a kan taga murfinsa a gefe.

Na same shi a matakala ta huɗu. Ya riƙe ƙarfen gefe da hannun dama, igiyar a naɗe a wuyan hannun, yana sauke ƙafa mai lafiya sannan ya jawo ɗayar. Gumi ya jiƙa masa riga. Baƙo da ya saba fizgar Malam kamar buhu, yau sai ya sauka taki ɗaya ya tsaya ya waiwayo. Na kira Malam, ya fito a guje zai kama shi. Baba ya girgiza kai. Malam ya buɗe baki zai yi bayanin yadda ake sauka, na taka masa ƙafa, ya koma gaban Baba yana sauka da baya, hannuwa a buɗe ko da zai faɗi.

Mun fi rabin awa a matakalar nan. Sau uku Baba yana zama ya huta. Nas ta buɗe ƙofa da buroshi a baki, ta gan shi, ta koma ta ɗauko kujera ta biyo mu. Da muka kai ƙasa Gwaggo tana shara, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Aka ajiye wa Baba kujera a gindin mangwaro ya zauna yana mayar da numfashi. Baƙo ya taɓa bishiya ya juya zai hau sama, igiya ta tsayar da shi. Ya ja, ya yi kuka, ya dubi bene. Baba ko kallonsa bai yi ba.

Minti biyar ta wuce, goma ta wuce. Malam ya duba agogo ya fi sau nawa, amma ya daure. Can Baƙo ya haƙura, ya fara shinshina ƙasa, ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ɗaga ƙafa a jikin bishiyar ya yi abinsa har ya gama. Ƙafar ba ta gama sauka ba Baba ya zaro tsoka daga aljihu ya sa masa a baki.

"A nan," in ji Baba. Ya huta, kuma wannan karon ba wanda ya ƙarasa masa. "A nan ake ba shi. Ba a sama ba."

Daidai lokacin motar mai gona ta tsaya a ƙofar gida. Gwaggo ta dubi Baba, ta dubi matakalar da ya sauko, ta dubi karen. Ta tambaye shi ko gobe ma zai sauko. Baba ya ce gobe ma, da jibi. Ta jingine tsintsiya ta fita, muna jin ta tana ce wa ɗan ƙanenta ya juya, ita ba ta ce lallai yau ba, kuma wa ya ce masa ya zo da sassafe haka yana tayar wa mutane da hankali. Na zauna a kan bulo na yi kuka mai isata, na farin ciki, ban damu da wa ke kallo ba.

Hawa ne ya gagara. Baba ya gwada taki biyu ƙafar ta ƙi, nas ta ce ya isa na yau. Malam ya durƙusa ba tare da an ce masa ba, muka ɗora masa Baba a baya, ya miƙe. Kwana goma sha huɗu na sauka da hawa sun yi masa rana, don ko haki bai yi ba. Ina biye da su da igiyar Baƙo, zuciyata ta yi sanyi da mutumin nan, har na fara yafe masa wankin matakala. Muka wuce hawa na ɗaya shiru. A hawa na biyu ya hango tela a ƙasa yana buɗe shago, sai na ga ya gyara tsayuwa ya yi gyaran murya.

"Kun gani ko? Dama tun farko dabarata ke nan. Ba karen nake koya wa ba, so nake Baba ya sau..."

Baba ya zura hannu a aljihu, ya ciro tsokar da ta rage, ya zagayo da ita ta kan kafaɗa ya tura masa a baki. Malam ya tsaya cak. Sannan ya tauna, ya gyara goyonsa, ya ci gaba da hawa.